Tambaya da Amsa: Hutu a Bakin Teku, Me Ya Kamata a Kiyaye?

Tambaya: Ni da iyalina muna shirin zuwa hutu wani gari na bakin teku, kuma babu wanda ya taɓa shiga teku a cikinmu, ko da yake manyan yarana sun iya iyo a kogi. Muna kuma sha'awar cin kifi a gidajen abincin da ke gaɓar ruwan. Me ya kamata mu kiyaye?

Amsa: Malam, abin da ya fi jan hankalina a tambayarka shi ne batun yaran da suka iya iyo, domin wanda bai iya ba tsoro kan tsare shi a bakin gaɓa, amma wanda ya saba da kogi yakan shiga teku da ƙarfin zuciya alhali bai san halinta ba.

Babban haɗarin da ke cin rayuka a bakin teku shi ne wani siririn jan ruwa da ke fizgar mutum daga gaɓa zuwa cikin teku. Igiyoyi suna ta turo ruwa gaɓa, ruwan kuma dole ya koma, sai ya tattaru ya bi ta wata kafa tsakanin tuddan yashin da ke ƙarƙashinsa, ko ta gefen duwatsu da gadojin da suka miƙa cikin teku. Gudunsa yakan kai mita 2.5 a daƙiƙa ɗaya, abin da ko gwanin ninƙaya na duniya ba zai iya ja da shi ba. Abin takaicin shi ne, wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina lafiya, domin igiyoyi ba sa fashewa a kansa, sai ka ga ruwan ya kwanta, ya ɗan yi duhu, kumfa ko ciyayi suna tafiya ciki maimakon su nufo gaɓa. Baƙo kuwa nan yake zaɓa wa yaransa.

Ka koya musu tun kafin ku tashi cewa wannan ruwa ba ya jan mutum ƙasa, nesa da gaɓa kawai yake kai shi, kuma gajiyar kokawa da shi ce ke nutsar da mutane. Wanda ya faɗa ciki ya kwanta rigingine ya bar ruwan ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu ya nemi taimako, in kuma yana da sauran ƙarfi ya yi iyo ta gefe, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga ciki. Kai ma da ke tsaye a kan yashi kada ka afka masa hannu rabbana. Ka kira masu ceto, ka jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa.

Saboda haka ban yarda da wanka a gaɓar da babu masu ceto ba, komai kyanta. A ƙasashe da dama, irin su Ingila da Ostireliya, ana kafa tutoci masu launin ja da rawaya don nuna iyakar inda ake sa ido, jar tuta zalla kuwa tana nufin kada a shiga. Ma'anar launuka takan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a karanta allon da ke mashigar wurin. A tambayi kuma lokacin cikar ruwa, domin a yawancin gaɓoɓi teku tana cika ta janye sau biyu cikin kimanin awa 24 da minti 50, kuma yashin da kuka taka da hantsi zuwa wani dutse yana iya zama ƙarƙashin ruwa kafin la'asar. Rana ma tana ƙuna ko da iska na kaɗawa, musamman daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, sai a nemi inuwa, a shafa man kariya daga rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko fiye, a yawaita shan ruwa.

Game da abinci, kusancin gida da teku ba shaida ba ce cewa kifinsa sabo ne. Abin dubawa shi ne sanyi. Idan an baje kifi don mai saye ya zaɓa, ya kasance a cikin ƙanƙara, idonsa garau, namansa da tauri, ba ya ƙarni mai hawa kai. Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne, kifaye irin su tuna da makarel, idan suka daɗe cikin zafi, sukan tara wani sinadari mai suna histamin wanda dafuwa ko gashi ba ya kashe shi, kuma cikin ɗan lokaci bayan ci sai fuska ta yi ja, kai ya sara, ciki ya ruɗe. A yankuna masu zafi kuma, manyan kifayen da ke farauta a tsakanin duwatsun murjani na ƙarƙashin teku, kamar barakuda, suna iya ɗauke da gubar siguwatera, wadda ita ma wuta ba ta yi mata komai, shi ya sa nake ba da shawarar a bar su gaba ɗaya.

Ɗanyen abincin teku, musamman masu ɓawo, bai dace da ƙananan yara, masu juna biyu, tsofaffi da masu ciwon hanta ba. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko kaguwa ba ya fara da kaɗan, domin jikin wasu ba ya karɓarsu, kuma kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi bayan ci magana ce ta asibiti nan take. Sannan da yake gidaje da yawa bisa nauyi suke sayar da kifi, ka sa a auna a gabanka, a faɗa maka kuɗin duka kafin a ɗora shi a wuta.