Idan annoba ta sake zuwa, in ci rance in cika shago?

Tambaya: Malam, ina da shago a wani ƙaramin gari. Lokacin korona da ƙyar na sha, har yau ban gama biyan bashi ba. Duk sanda na ji labarin wata cuta sai gabana ya faɗi. Wani ya ce da zarar an ga alamar annoba in ci rance in cika shago da kaya, wai rancen annoba ba a biya. Mene ne gaskiya?

Amsa: 'Yar'uwa, kina da dalilin jin tsoro. Kuɗin da ke yawo a ƙaramin gari yawanci daga waje yake shigowa: albashi, aiken 'yan ci-rani, matafiya. Ko cutar ba ta shigo garin ba, da an kulle birane sai wannan famfo ya ƙafe. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa sa'o'in aikin da aka yi asara a 2020 sun yi daidai da ayyuka miliyan 255. Irin waɗannan ma'aikata ne ke aiko wa masu sayen kayanki kuɗi. Sai mai saye ya koma karɓar kaya bashi, ga shi maƙwabci ne, ba ki da idon hana shi.

To, batun rancen nan. Wallahi na gaji da jin wannan magana, kusan kullum sai an kawo mini ita. Rance daban, tallafi daban. Abin da kika sa wa hannu da sunan rance, ko gwamnati ce ta bayar, ko an ɗaga miki ƙafa na shekara guda, yana nan yana jiranki. Wanda ya ce miki ba a biya, ki tambaye shi ko zai sa nasa hannun a takardar. Mafi munin su kuwa masu karɓar kuɗin fom don su “shigar da sunanki”, da manhajojin rance na waya masu ruwa mai yawa, waɗanda idan kin makara suke bin lambobin da ke wayarki suna tozarta ki.

Sannan kaya a kan kanta ba kuɗi ba ne. Mai gidan haya ba ya karɓar kwali, mai binki bashi ma haka. A 2016 cibiyar bincike ta bankin JPMorgan Chase ta duba asusun ƙananan sana'o'i kusan 600,000 a Amurka, ta gano rabinsu tsabar kuɗin da ke hannunsu ba zai riƙe su fiye da kwana 27 ba idan ciniki ya tsaya. Annoba kuwa wata da watanni take yi. Idan kin juye komai ya koma kaya, ciniki ya tsaya, wasu kayan su lalace, ruwan rance yana hawa, da me za ki biya? Daga nan ake fara cin uwar kuɗi, kuma na ga shaguna masu farin jini sun rufe ta wannan hanya.

Tun yanzu da ake lafiya, ki lissafa abin da shagon yake ci a wata ko ba a sayar da komai ba, ki riƙa ware wani abu kullum har ya kai na wata uku. Ki raba aljihun gida da na shago. Ki sa wa kowane mai karɓar bashi iyaka, a rubuce. Tsohon bashin nan kuma, ki je wurin mai shi ku tsara yadda za ki ƙarasa biya kafin ki yi tunanin wani sabo.