Amsata ga Kawu kan soke hukuncin kisa

Assalamu alaikum Kawu, ina wuni, ya jikin Inna? Na ji muryarka tun da safe, ina kasuwa ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce me zai hana mu bi sahun Ghana, da majalisarsu ta soke hukuncin kisa a 2023, tunda mu ma ba zartarwa muke yi ba.

To Kawu, ka yi haƙuri, ni ban goyi bayan sokewa ba. A Baƙara aya ta 179 Allah ya ce a cikin ƙisasi akwai rayuwa. Aya ta 178 kuma ta ba dangin mamaci damar su yafe su karɓi diyya. Kenan haƙƙin nasu ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ƙasar nan, in ba a kotunan shari'ar Musulunci ba, ba a tambayarsu. Alƙali ya yanke, takarda ta tafi teburin gwamna, shikenan ta kwanta.

Ka tuna Hanifa a Kano, yarinya 'yar shekara 5, mai makarantarsu ya sace ta a Disambar 2021 ya kashe ta. A Yulin 2022 kotu ta ce a rataye shi, Ganduje ya ce zai sa hannu. Har ya sauka a 2023 ba a kai nan ba. Rabon da a ji an zartar da hukuncin a Najeriya tun 2016, a jihar Edo, alhali mutum sama da 3,000 na zaune a gidajen yari suna jiran igiya.

Kuma na ga abin da wannan jiran ke yi wa uwa. Maƙwabciyarmu da masu ƙwacen waya suka daɓa wa ɗanta wuƙa, akuyarta ta sayar don kuɗin motar zuwa kotu. Ta je, a ce an ɗage zama, ta dawo ta zauna a tabarma da hularsa a cinyarta. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce Baba, me kike so, ƙisasi ko diyya ko yafiya? Wallahi ranar da ta faɗa mini haka ban iya cin tuwon dare ba.

Inda na fahimce ka shi ne tsoron a kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Wannan tsoron ina da shi. A jihar Oyo an kashe Nasiru Bello alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu, sai a 1986 Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ta yi ba daidai ba. Mutum yana kabari! Kuma ka san talaka ne ba shi da lauya, shi ake duka a hannun masu bincike har ya amsa laifin da bai yi ba. Don haka a gyara binciken, a ba shi lauya na gaske, a jira Kotun Ƙoli ta gama. In hujja ta tabbata, a kira dangin mamaci a ji ta bakinsu. Suka yafe, a karɓi diyya. Suka ƙi, gwamna ya sa hannu, kada ya bar wa na bayansa.

Ranar Juma'a in sha Allah zan shigo da maganin Inna, mu ƙarasa a zaure. A gaida Gwaggo.