Amsar tambayarki kan jikin Babanku

Ɗiyata, na ga saƙonki, sai yanzu na samu natsuwar zama in amsa miki da kyau. Kin ce tunda aka yi wa Babanku aikin nan aka cire masa maƙogwaro kina son ki tambayi likita mutum nawa ne ke tsallake wannan kansar, Mamanku kuma ta ce kul, ba tarbiyya bace ɗa ya tambayi kwanakin ubansa, kamar mugun fata ne, sannan ta ce kar wanda ya gaya masa komai. Shine kike tambayata wai da gaske haka ake yi?

Eh haka muka taso muka tarar, kuma kar ki ga laifinta, tausayi ne da tsoro. Manyanmu suna gudun a karya wa mara lafiya zuciya, kuma a lokacinsu ko ka ji amsar ba abinda zaka yi da ita sai kuka. Yanzu kuwa amsar tana da aiki, shi yasa nake ce miki ki tambaya. Ajali na Allah ne, ba likitan da ya san ranar kowa, kuma ba ranar kike nema ba ai. Kina neman sanin inda ciwon ya kai ne don ku san inda zaku sa ƙarfi, wannan baya cikin rashin kunya ko rashin tawakkali.

Amma ki gane lissafin tukuna. A shekarun da na yi ina aikin nas na ga yadda lamba ɗaya ke hana gida guda barci saboda ba a yi musu bayani ba. In suka ce kashi kaza suna nufin cikin mutum 100 masu irin ciwon nawa ne ke raye bayan shekara 5. A Amurka in aka haɗa kowa da kowa kusan kashi 60 ne, wanda kuma aka gano nasa da wuri a kan jijiyoyin murya yakan kai kusan kashi 90, saboda wurin da ya ɗan taɓu murya ke dishewa mutum ya je asibiti, kuma baya saurin yaɗuwa. Wanda ya fito a sama da su yafi saurin tsallakawa zuwa kaluluwar wuya. Kinga lambar ta taron mutane ce da aka yi wa magani shekarun baya, wasu sun ci gaba da shan taba, wasu basu ƙarasa magani ba, duk an zuba su kwando ɗaya. Har manhajar lissafi suna da ita da ake saka shekaru da matakin ciwo ta fitar da kashi, itama hasashe ne.

Toh kar ki ce wa likita shekara nawa ya rage. Ki nemi sakamakon naman da aka cire aka kai gwaji, nan zancen yake. Ki tambaya ciwon a mataki na nawa yake cikin 4, ya shiga kaluluwa ko bai shiga ba, guda nawa, kuma ya fasa bawonta ya fito? Wannan yafi komai nauyi, don shigarsa kaluluwa yakan rage damar kusan rabi. Sai ki tambaya gefen da aka yanka ya fita tas ko an ga ɓurɓushi. In an ga ɓurɓushi ko ya fasa kaluluwa, tun binciken da aka fitar a 2004 aka saba haɗa gashi (ƙona wurin ciwon da hasken na'ura) da kemo (maganin kansa da ake sawa ta jijiya) bayan aiki, kuma ana so a fara gashin cikin sati 6, don haka dan Allah kar a tsaya jan ƙafa ana cewa bari ya ƙara murmurewa ba tare da likita ya ce ba. Aikin kansa kar ya baki tsoro, tun 1873 wani likita Billroth ya fara yinsa a birnin Viyana, an daɗe ana gyara hannu a kai.

Maganar ɓoye masa kuma, nan ne ban yarda da Mamanku ba, kuma zan kira ta da kaina, ke kar ki ja da ita. Murya aka cire wa Yaya, kunnensa da hankalinsa suna nan. Yana kwance yana kallon ku kuna fita bakin ƙofa kuna ƙus-ƙus da likita ku dawo idonku jajir ku ce ba komai, ga biro da takarda a hannunsa ya rubuta "me ya ce" ku ce a'a lafiya lau, wallahi wannan yafi kowace lamba cin rai, don abinda zai ƙiyasta a ransa yafi gaskiyar muni. Kuma abubuwan da ke ɗaga damar tasa shi zai yi su da kansa: ya rabu da taba kwata-kwata don ci gaba da ita na dawo da ciwon ko ya kawo sabo a huhu, ya daure ya ci abinci ko baya jin ƙamshinsa, ya ƙarasa gashi ko wuyan ya yi zafi, ya riƙa zuwa asibiti akan lokaci musamman shekara 2 zuwa 3 na farko da yawanci a nan ciwon ke dawowa in zai dawo. Taya mutum zai jure duk wannan alhalin an ce masa ya warke sarai?

Ladabin shine ba ke zaki tsaya a kansa ki karanto masa kashi ba. A samu babba, ni ko ƙaninsa, a zauna kusa da shi a tambaye shi, kana so likita ya yi maka bayani duka ko a bar mu mu ji a madadinka? Abinda ya rubuta shi za a bi. Ku kuma tambaya masa maganar dawo da magana, akwai ɗan bawul da ake sawa a wuya, akwai na'urar da ake ɗorawa a wuyan, mutane da yawa suna magana da su.

Sai ki koya wa duk 'yan gidan cewa yanzu ta ƙofar nan da aka huda masa a wuya kaɗai yake numfashi. Ruwa kar ya shiga wajen wanka, a rufe ta da ƙyalle mai tsafta saboda ƙura, in kuma numfashi ya sarƙe aka kai shi gaggawa ku faɗa musu iskar a wuya ake sa masa, ba a hanci ba. In kin karɓo takardar gwajin ki ɗauko min hotonta mu duba tare kafin ranar ganin likita. Allah ya bashi lafiya, ya yi miki albarka.

Gwaggonki