Malam, fita bayan gari shan iska ɗabi'ar Turawa ce?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam, ya karatu ya ɗalibai. Ni mai gyaran waya ne a Kano, tun ƙarfe 8 na safe nake shago sai bayan isha'i nake komawa gida, kullum cikin ƙarar janareta da hayaniya, in na koma gidan ma kwastoma bai barni ba kira kawai yake. Har na fara yi wa yara tsawa ba gaira ba dalili, sallah ma sai in sallame ban san surar da na karanta ba. To sai wani abokina ya fara ɗaukata ranar Lahadi muje gonarsu ta wajen Tiga mu zauna bakin ruwa mu kashe waya, wallahi Malam daren ranar ne kawai nake baccin kirki. Yanzu muna shirin zuwa Yankari kwana uku, amma yayana yace wannan ɗabi'ar Turawa ce, musulmi bashi da hutu sai a kabari, wanda ya gaji ya shiga masallaci yayi zikiri. Dan Allah meye hukuncin wannan fita, kuma zamu iya yin ƙasaru?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yaye maka gajiya ɗan'uwa, ya sa albarka a nema.

Fitar da kake yi halal ce, babu laifi ko kaɗan, domin al'ada ce ta rayuwa kuma asalin al'adu halacci ne sai in nassi ya hana, wanda yace haramun shi zai kawo dalili. Kuma a irin halin da ka faɗa, inda gajiya ta fara cin sallarka ta fara taɓa yaranka, ni ina ganin ta wuce halal kawai ta zama abin so, in ka yi niyyar ka dawo da ƙarfin bauta da kyautata wa iyali za a baka lada. Mu'azu ɗan Jabal cewa yayi yana neman lada a baccinsa kamar yadda yake nema a tsayuwarsa ta dare, maganar tana cikin Bukhari.

Yayanka yana da gaskiya a gefe guda kar ka raina maganarsa. Allah yace da ambaton Allah zukata suke natsuwa, a suratur Ra'ad aya ta 28, kuma Annabi (SAW) yakan ce wa Bilal ya tayar da sallah ya hutar dasu da ita. Inda ya kuskure shi ne da ya ɗauka zikiri da hutun jiki kishiyoyi ne dole a zaɓi ɗaya. Salmanul Farisi ya ziyarci Abud Darda'i ya tarar ya bar abinci ya bar bacci ya bar matarsa saboda ibada, sai ya tilasta masa yaci ya kwanta, yace masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka bawa kowa nasa. Da labari ya kai wa Annabi (SAW) cewa yayi Salmanu yayi gaskiya. To kaga wannan ibada ce ma aka ce a sassauta, balle gyaran waya. Haka Hanzala da yazo yana cewa ya zama munafuki don in ya bar majalisin Annabi ya shiga cikin mata da yara da gonaki sai ya shagala, Annabi (SAW) yace masa ya Hanzala lokaci da lokaci, har sau uku, Muslim ya ruwaito. Amma dai a kula, wasu samari sun maida hadisin nan lasisin sheƙe aya, wai lokacin Allah daban lokacin holewa daban, a'a, duka lokutan biyu a cikin halal suke.

Batun fita dajin kansa kuwa akwai nassi a kai ƙarara. An tambayi Nana A'isha game da fita ƙauye, tace Manzon Allah (SAW) ya kasance yana fita zuwa waɗannan tuddai da magangarun ruwa, Abu Dawud ya kawo shi. Sannan ka duba hadisin rijiyar Aris da ke kusa da Ƙuba, ni duk sanda na karanta shi sai na tsaya. Abu Musal Ash'ari ya fita neman Annabi (SAW) bai same shi a masallaci ba, ya bi sawu har cikin wani lambu mai ƙofar zarben dabino, ya tarar dashi zaune a bakin rijiya ya yaye ƙwaurinsa ya zura ƙafafunsa ciki. Abubakar yazo ya zauna a damansa shima ya zura nasa, Umar yazo ya zauna a hagu yayi haka, Usman yazo ya tarar wurin ya cika ya zauna ɗaya gefen yana fuskantarsu, kuma a zaman nan aka yi musu bushara da aljanna su ukun. Shugaban halitta da manyan sahabbansa zaune a lambu ƙafa cikin rijiya, Bukhari da Muslim suka ruwaito, ina Bature a nan? Ga kuma lambun Abu Ɗalha mai suna Bairuha da ke fuskantar masallaci, Annabi yakan shiga ya sha ruwansa mai daɗi. Akwai wani hadisi a Tirmizi cewa yana son yin sallah a cikin lambuna, wannan kam mai rauni ne shi Tirmizin da kansa ya nuna raunin mai ruwayarsa, don haka ban jingina dashi ba, na faɗa ne don kar wani ya kawo maka shi a matsayin hujja.

Kuma Alƙur'ani cewa yayi a kalla. A suratul An'am aya ta 99 Allah yace ku dubi 'ya'yan itacen idan ya yi 'ya'ya da nunarsa, a Gashiya yace shin basa duban raƙumi yadda aka halicce shi da sama da duwatsu da ƙasa, a suratun Namli aya ta 60 ya kira lambuna masu ƙayatarwa, wato shi kansa jin daɗin da ido yake yi da kore ni'ima ce da Allah ya yi mana gori da ita. Wanda idonsa yake kan allon waya daga safe zuwa dare yaushe zai cika wannan umarni.

Mu nan ma ai ba baƙon abu bane. Gardawan tsangaya tun kaka da kakanni suna fita kiskadi, su bar gari su samu gindin bishiya a daji da allonsu su wuni suna tilawa, don sun san hadda bata zama a cikin hayaniya. Sarakuna suna fita kilisa da dawakai. Kalmar shan iska ma tamu ce ba aro muka yi ba. Kamanceceniya da aka hana ita ce a abin da ya keɓanci addininsu ko alamarsu, zama a inuwar mangwaro ba na kowa bane.

Sai dai akwai iyaka kuma ita ce nafi so ka riƙe. Wani sahabi ya wuce ta wani kwari mai ɗan marmaro na ruwan daɗi, wurin ya burge shi yace da ma in ƙaurace wa mutane in zauna a nan, amma bari in nemi izini. Annabi (SAW) yace kar ka yi, tsayuwar ɗayanku a tafarkin Allah tafi sallarsa a gidansa shekara 70, Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira. A wani hadisin kuma muminin da yake cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu yafi wanda baya cuɗanya dasu. Kaje ka huta ka dawo shagonka da sahunka na masallacin unguwa, in fitar ta zama hanyar gudun mai binka bashi ko gudun cefane to hukunci ya canza. Kuɗin Yankari ma kar ya fito daga kuɗin makarantar yara ko kuɗin kayan mutane da ke hannunka. Kuma gaskiya ina da ƙorafi ɗaya a kanka, kace yara kake yi wa tsawa amma da aboki kake fita, ita uwar yaran da take wuni cikin gida ɗaki ɗaya da hayaƙin girki ita bata gajiya ne? Ko sau ɗaya a wata ka kwashe su ku tafi tare.

Sallah kuma bata da hutu. In lokaci yayi ku kira sallah ku ɗaga murya ko ku biyu ne, haka Abu Sa'idil Khudri ya yi wa wani mai son tumaki da daji wasiyya, yace babu mutum ko aljan ko wani abu da zai ji sautin ladan face ya yi masa shaida ranar ƙiyama. In kun sauka a wuri ku karanta a'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙa, Annabi yace wanda ya faɗa babu abin da zai cuce shi har ya tashi daga wurin, wannan ya ishe ku kar wani ya tsorata ku da aljanun tsamiya ko kuka, haka kuma kar a je ana shafar dutse ko ɗibar ruwan wani marmaro wai neman tabarruki. Kar ku yi bahaya a inuwar da mutane suke zama ko kan hanya, hadisi ya kira su abubuwa biyu masu jawo tsinuwa, kuma ni a ganina tulin ledar fiya wata da robar lemo da ake bari a bakin ruwa yana shiga cutarwar da aka hana. Ruwan ɗumi na Wikki da ke Yankari wurin wanka ne na kowa da kowa, ka rufe tsakanin cibiya da gwiwa, in ka tarar maza da mata a cakuɗe ka jira wani lokacin.

Tsaro ma hukunci ne ba shawara kawai ba. Kowa ya san halin da dazuka irin su Rugu da Kamuku suka shiga, duk inda ake da rinjayen zaton za a sace mutum ko a kashe shi to zuwa shan iska can haramun ne, ku tambayi mutanen yankin da direbobi halin hanya kafin ku tashi, ku yi tafiyar rana. Annabi (SAW) yace da mutane sun san abin da na sani game da kaɗaita da matafiyi bai yi tafiyar dare shi kaɗai ba, kuma ya nuna matafiya uku su ne ayari, don haka ku nemi na uku.

Ƙasaru kuma, a mazhabar Malikiyya nisanta mil 48 ne kamar yadda yake a Risala, wajen kilomita 80 da ɗoriya kenan, tafiya kaɗai ake lissafawa banda dawowa. Kano zuwa Yankari ta ninka haka, kuma tunda kwana uku zaku yi baku yi niyyar zaman kwana huɗu ba, zaku yi azahar da la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu daga sanda kuka bar gidajen gari. Malamanmu sun karhanta ƙasaru ga wanda ya fita don wasa zalla kamar mai farautar nishaɗi, amma kai neman lafiyar kai da jiki ya fitar da kai ban ga ka shiga cikinsu ba. Ta Tiga kuwa ka auna nisan gonar da mitar mota, in bai kai ba ku cika. In ranar Juma'a zaku tashi ku tashi kafin alfijir ko bayan an sauko, tafiya bayan rana ta karkata kafin ayi Juma'a haramun ce, tsakanin alfijir da zawali kuma makaruhi.

In kuma ka ga duk da fitar rashin baccin da ƙuncin sun ƙi tafiya sati da sati, ko abinci ya fita ranka, ko ka fara jin rayuwar ma ta ishe ka, ka je asibiti ka ga likitan ƙwaƙwalwa, neman magani sunna ne ba raunin imani bane. Yayanka kuma kar ka tura masa wannan amsa don kayi nasara a kansa, Lahadi mai zuwa ka roƙe shi ya raka ku, ku bashi limancin la'asar a bakin ruwan.

Wallahu a'alam.