Baƙar ƙasar fadama da abin da ake kira fit

Ka tambaye ni ko baƙar ƙasar da muka tono a fadamar Argungu ita ce fit, wadda Turawa ke haƙa su shanya su hura wuta da ita. Zauna, yaro. Baƙin ne ya ruɗe ka.

Fit ganye ne da saiwa da ciyawa da suka mutu cikin ruwa, iska ba ta kai gare su ba, sai suka kasa gama ruɓewa. Kamar milimita 1 take ƙaruwa a shekara, ka ga ke nan mita guda sai ta ci shekara 1000. Kuma sai inda ruwa ke kwance rani da damina. Mu nan gulbin Rima yakan malale fadama, amma kafin Maris ƙasa ta tsattsage, zafi da gara sun cinye abin da ya rage. Shi ya sa sai a wurare irin su Finlan, Ailan, Indonesiya, ko kurmin Kwango da aka fitar da taswirar fit ɗinsa a 2017. A Nijeriya kuwa sai ka gangara wurare irin su Neja Delta.

To amma mai awo ba ya yanke hukunci daga inuwa. Soka rodi. In fit ce, zai shige sululu har ya daki yashi ko yumɓu, nan za ka auna kaurinta. Abin da bai kai santimita 30 ba galibi ba a sa shi a lissafi. Haka za ka bi filin layi-layi kana rubuta kowane rami, don da kauri da faɗi ake sanin yawanta.

Sannan ka damƙi ɗanya ka matse. Fit takan zubo da ruwa kamar shayi, zare-zare su rage maka a tafi. Laka kuwa sai ta manne, har ka murza ta kamar igiya. In sun bushe, fit ba ta da nauyi, kamar busasshen kashin shanu, laka kuma ta koma tubali.

Wuta ce alƙali. A ɗakin gwaji ana auna busasshen samfur, a ƙona shi a zafin digiri 550, a sake aunawa. Abin da ya ɓace shi ne na tsiro. Tamu, na rantse maka, kusan duka za ta dawo, jar ƙasa.

Gobe bayan asuba ka zo da rodi da ledoji goma. Kai za ka soka, ni in riƙe littafi.