Tambaya da Amsa: Yaya Aka Yi Bakassi Ta Koma Hannun Kamaru?

Tambaya: Na ji an ce yawancin mazauna Bakassi masunta ne 'yan Najeriya. To da wace hujja kotu ta ba Kamaru yankin? Kuma har yanzu ana iya ɗaukaka ƙara? Daga wani mai karatu a Mubi.

Amsa: Malam, a shari'ar kan iyaka takarda tana gaba da daɗewar zama. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague a Maris 1994, bayan sojojin ƙasashen biyu sun gwabza a wannan yanki mai kifi da man fetur. An yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002.

Babbar hujjar Kamaru ita ce yarjejeniyar 11 ga Maris 1913 tsakanin Ingila mai mulkin Najeriya da Jamus mai mulkin Kamaru a lokacin, wadda ta bi kogin Akwayafe ta bar Bakassi a ɓangaren Jamus. Najeriya ta ce Ingila ba ta da hurumin yin kyauta da abin da ba nata ba, domin abin da ta ƙulla da sarakunan Kalaba a 1884 kariya ce kawai. Kotu ba ta karɓa ba. Abin da ya ƙara karya lagon Najeriya shi ne sanarwar Marwa ta 1975 kan iyakar ruwa, wadda Janar Gowon da shugaban Kamaru Ahmadu Ahidjo suka sa wa hannu. Lauyoyin Najeriya sun ce majalisar mulkin soja ba ta amince da ita ba, alƙalai suka ce sa hannun shugaban ƙasa ya wadatar.

Mutane kan manta cewa hukuncin ya taɓa Arewa. Da Tafkin Chadi ya janye, masunta suka bi ruwa da kwale-kwalensu har suka kafa ƙauyuka irin su Darak, hukumomin Najeriya suka biyo su da haraji da makarantu. Duk da haka kotu ta tsaya kan layin da Ingila da Faransa, wadda ta gaji Jamus a yawancin Kamaru, suka tabbatar a 1931, aka miƙa wa Kamaru ƙauyukan a Disamba 2003.

Ɗaukaka ƙara kuwa babu ita a wannan kotu. Sashe na 61 na dokarta ya ba da damar sake duba hukunci idan sabuwar hujja ta ɓullo, amma cikin shekara goma kawai. Wa'adin ya cika a Oktoba 2012, Najeriya ba ta nema ba.

Abin da ya dace a sa wa ido yanzu shi ne haƙƙin talakawan wurin. Yarjejeniyar Greentree ta 12 ga Yuni 2006, wadda Obasanjo da Paul Biya suka sa wa hannu, ta hana a kore su ko a tilasta musu sauya ƙasa. Amma da aka kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agusta 2008, da yawa sun kwashe komatsansu sun tsallaka jihar Kuros Riba, nesa da ruwan da suke kamun kifi.