Cibiya, Jakada da Ɗaukar Ɗaki: Amsar Tambayoyin Masu Karatu Daga Legas

Wani ɗan kasuwa daga Agege ya rubuto: "Allah ya gafarta Malam, kullum na bi ta titin Kofo Abayomi a Victoria Island nakan ga ginin NIIA, a rediyo kuma ina jin ana kiran wurin cibiyar nazarin harkokin ƙasa da ƙasa. Mene ne haɗin cibiyar jariri da gidan bincike?"

Alhaji, haɗin yana nan. Cibiya a tsakiyar jiki take, kuma ta nan ɗan tayi yake samun abinci kafin ya zo duniya. Shi ya sa Bahaushe ya ari kalmar ya ba duk wurin da abubuwa suke tattaruwa sannan su watsu, kamar yadda ake ce wa Kano cibiyar kasuwanci. Nazari kuwa daga Larabci muka samo shi, asalinsa duba, amma a bakinmu ya zama duban tsanaki, wanda ake juya abu gaba da baya.

An kafa wannan cibiya a 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ƙasa sabuwa ce, tana buɗe ofisoshin jakadanci, ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya, har ta tura sojoji Kwango, ga shi masanan da za su zauna su auna mata riba da asarar kowane mataki ba su da yawa. Aka ɗauki fasali daga Chatham House, cibiyar nazarin harkokin ƙasa da ƙasa ta Landan, wadda aka kafa a 1920 bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda Buhari ya yi jawabi a 2015, Tinubu kuma a 2022. A 1971 aka yi wa tamu doka. Aikinta bincike, shirya laccoci da taruka, buga mujallu da littattafai, da kula da ɗakin karatu. Ko da gwamnati ta tattara ta koma Abuja a 1991, ita tana nan Legas.

Wata malamar makaranta daga Idi-Araba ta tambayi asalin kalmar jakada, da kuma bambancin manufa da siyasa.

Malama, jakada tsohuwar kalmar fada ce. A da, hakimai da yawa a birni suke zaune, sai su aika jakada ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu ya kai saƙo, ya karɓo haraji, ya dawo da labari. Jakadiya kuma ita ke shiga tsakanin sarki da cikin gida. Manufa daga nufa take, wato inda aka dosa. Siyasa ita ce dabarar isa can, kin ji ana cewa "a bi shi da siyasa", ma'ana da lallami. Cibiyar nazari tana taimakawa wajen tsara manufa, jakada kuma shi ke fita da ita waje ya bi da siyasa.

Tambayar da na fi so in daɗe a kanta ta wani ɗalibi ce daga Obalende. Ya ce: "Malam, an ce shawara ɗaukar ɗaki. To idan masana sun ba da shawara gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, wane ɗaki aka ɗauka? Ko dai gaskiya ce ba a mugun sarki sai mugun bafade?"

Ɗana, wanda ya tashi a Legas cikin gidajen bulo da kwano ba lalle ya taɓa ganin ɗaukar ɗaki ba. A ƙasa ake ɗaure jinka, a baibaye ta da ciyawa, sannan a kira maza su kewaye ta, su cicciɓa lokaci guda su aza a kan ginin. Idan wani ɓangare ya yi sanyin hannu, sai ta karkace. Abin da karin maganar ke cewa shi ne shawara ba aikin mutum ɗaya ba ce, kuma mai ɗakin ma yana cikin masu ɗauka. Saboda haka gwamnatin da ta nemi shawara ta janye hannu, ita ce ta karkatar da jinkar.

An taɓa ɗaukar ɗakin nan tare. Bolaji Akinyemi ya shugabanci cibiyar daga 1975 zuwa 1983, shekarun da muryar Najeriya ta fi amo a Afirka: a Legas aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ECOWAS a watan Mayun 1975, a ƙarshen shekarar gwamnatin Murtala ta amince da gwamnatin jam'iyyar MPLA a Angola ba da son Amurka ba. Daga baya Akinyemi ya zama ministan harkokin waje, a hannunsa aka fara shirin tura ƙwararrun Najeriya su taimaka wa wasu ƙasashe a 1987. Ibrahim Gambari ya gaje shi a cibiyar, shi ma ya zama minista a 1984. Joy Ogwu ma daga wannan kujera ta zama minista a 2006.

Game da bafade kuwa, ni ban yarda a riƙa jawo karin maganar don a wanke masu mulki ba. Abin da na fahimta shi ne an ɗora nauyi a wuyan wanda yake da kunnen sarki, domin sarki ba ya zuwa ko'ina, abin da aka kawo masa shi yake gani. Bafaden da ya san gaskiya ya ɓoye don kada ran sarki ya ɓaci, ya cuci sarki, ya cuci talakawa. Nan ne damuwata take da duk cibiyar da gwamnati ke biyan albashinta tana naɗa shugabanta, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Waɗanda kamfanoni da masu kuɗi ke ɗaukar nauyinsu a Turai da Amurka su ma ba su tsira daga wannan ba. Idan rahoto ya zo hannunka, ka fara tambayar wa ya biya kuɗin binciken.

Kada kuma ka ɗauka zancen manya ne kawai. Da aka rufe iyakokin ƙasa a 2019, masu ɗauko kaya ta Seme su suka fara ji a jikinsu. Da aka sa wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin 2023, masu fataucin dabbobi da albasa sun san abin da ya same su. Waɗannan mutane sun san hanyar Kwanni da ta Maraɗi fiye da masana da yawa, kuma ina fata a riƙa gayyatarsu zauren cibiyar, a kuma riƙa fitar da taƙaitaccen sakamakon bincike da Hausa, su karanta su faɗi inda ba haka abin yake ba.